Kafin a Sa wa Ɗan Cima Mari

Lahadi, 9 ga Rajab 1365, bayan azahar

Ɗan Cima ya dawo jiya da hantsi. Haka nake ce masa, haka kuma zan rubuta. Ɗan farina ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, alƙalamina ma ba zai fara yau ba. Tun da aka yaye shi yayata Cima ta ɗauke shi ta rena, saboda haka a nan Tama kowa ya san wanda nake nufi.

Shekara huɗu ke nan da suka tafi cin rani ƙasar Ingilishi, nan ƙetaren iyaka, shi da ƙanensa Lurwanu. Daga baya muka ji an ɗauke su soja, an ƙetare teku da su zuwa Indiya, daga can kuma zuwa wani daji da ake ce wa Bama. Su biyu suka fita ta ƙofar nan, kowa da sanda da gora. Jiya ya shigo da akwatin ƙarfe da takalma masu nauyi.

Ina zaure ina duba allunan da za a wanke sai na ji guɗa. Ban tashi ba, ba a san ni da haka ba. Ya zo ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ni, na amsa idona na kan allo. Wuyan hannunsa kawai na gani. Ya rame ƙwarai.

Ban tambaya ba. Zaliha, uwarsu, ita ma ba ta tambaya ba. Hasana matar Lurwanu ta kawo ruwa ta ajiye, ta tsaya tana duban hanyar da ya biyo har sai da aka kira ta. Cima ce mai bakin tambaya, ta ce ya ce mata Lurwanu yana can. To, yana can. Ba rana ɗaya jirgi ke kwashe mutane ba.

Talata, 11 ga Rajab, bayan la'asar

Shekara ashirin da shida ina limancin masallacin unguwarmu, ban taɓa jin abin da na ji yau ba. Mun yi kabbara, ina cikin karatu, sai na ji ana jan ƙafa a bayana. Liman ba ya waiwaye. Bayan sallama Umaru mai albasa ya matso ya raɗa mini cewa ɗan Cima ne ya juya a tsakiyar sahu, ya ba gabas baya, ya juyo, ya sake juyawa, daga nan ya fita.

Na ce gajiyar hanya ce. Umaru ya ce haka ne, Malam. Da ni da shi ba wanda ya yarda.

Laraba, 12 ga Rajab, da safe

Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Bai zo sallar asuba ba.

Juma'a, 14 ga Rajab, bayan an sauko masallaci

Cima ta zo ta zauna mini bakin zaure ta miƙe ƙafa, abin da ba macen da ke yi sai ita. Ta ce ɗanta yana son ya zauna da ni. Na ce ai ya gaishe ni, na amsa. Ta ce ba gaisuwa ba, zama, mu biyu, shi yana magana ni ina ji.

Na tambaye ta ina ya ga an taɓa yin haka. Ta ce Indiya. Wai bayan an fito da su daga dajin ya kwanta asibiti wata uku, ba rauni a jikinsa, ba zazzaɓi, barci ne da abinci suka ƙaurace masa. Akwai wani likita Ba'indiye, shi ba Musulmi ba, shi ba Nasara ba, kullum sai ya ja kujera ya zauna kusa da shi, wani kofur Bakatsine yana fassara. Ba allura, ba ƙwaya, ba tsaga. Sai dai ya ce masa faɗi, shi kuwa ya yi shiru yana saurare. Wai da haka barci ya dawo. Wai ranar da za a sallame shi likitan ya ce saura magana guda, ita kuma sai ya kai wa ubansa.

Na yi dariya. Na ce ashe akwai ƙasar da ake ce wa mutum likita don ya iya zama shiru, da mun sani da mun aika musu da Jima kurma ya zama babbansu. Cima ba ta taya ni dariyar ba.

Ni ma ai sana'ata ke nan, ko da ba a kira ta likitanci ba. Daga Tama har Buza wa bai san zauren Malam Alƙasim ba? Wanda ya ɓata da ɗan'uwa kan iyakar gona, wadda ta yi ɓari ta daina magana, mai mugun mafarki, duk nan suke zuwa. Kafin mutum ya kai rabin zancensa na gane inda ya dosa, in yi masa nasiha, in ba shi rubutu, ya tashi da sauƙi. Amma a ce in hau tabarma ɗaya da ɗan farina yana buɗe mini cikinsa? Ubanmu har ya koma ga Allah bai taɓa haɗa ido da Cima ba, ita ce ta farinsa, me ya rage ta da shi?

Na ce ta gaya masa in magana ce ya faɗa mata, ita ta kawo mini. Haka ake yi.

Asabar, 15 ga Rajab, da hantsi

Ta gaya masa. Ya ce ba maganar aike ba ce.

Litinin, 17 ga Rajab, bayan la'asar

An rufe tsoho Bilal yau. Ba zan rubuta abin da ya faru a maƙabarta ba.

Talata, 18 ga Rajab, da hantsi

Sai na rubuta, don ya hana ni karatu.

An kwantar da Bilal a kabari bisa damansa, fuska gabas, yadda ake yi tun kaka da kakanni. An fara jera itace. Sai ɗan Cima ya ratso mutane ya dira cikin ramin, ya kama likkafani ta wajen kafaɗa zai juya gawar. Yana ta cewa ba nan ba ne, ba nan ba ne. Mutum huɗu suka fito da shi da ƙyar. Babban ɗan Bilal ya fasa masa leɓe, ban ga laifinsa ba.

Ni kuwa ina tsaye, hannuwana sama ina shirin addu'a. Har aka ja shi aka wuce da shi ta gabana ban sauke su ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, tsoron da na ji kuma ya fi kunyar.

Laraba, 19 ga Rajab, bayan azahar

Maigari Jika ya zo da kansa, bai aiko ba. Tare aka yi mana kaciya da shi, shi ya sa. Ya ce 'ya'yan Bilal sun ɗaura niyyar kai ƙara barikin Madawa. In kumandan Bafaranshe ya ji, gardi, dogaransa, za su zo su tafi da yaron zuwa Tawa, wanda aka kai can da sunan hauka kuwa ba kasafai ake ganin dawowarsa ba. Balle a tono yadda aka yi talakan Faransa ya sa kakin Ingilishi. Ya ce ya lallashe su da alkawari: nan da Alhamis, huɗu ga Sha'aban, in ba a ga hankalinsa ya dawo ba, maƙeri zai sa masa mari a ƙafa a ɗaure shi a gungume cikin gidan Cima har kaka.

Da zai tashi ya ce, "Malam, kai ka warkar da ɗiyan mutane. To ga naka. Kwana goma sha biyar ni ka iyawa, ba ni iya sha shidda."

Na raka shi har bakin hanya, muna zancen ruwa da ya yi jinkiri. Na san abin da mari ke yi wa idon sawu. Sau uku a rayuwata ina ba da shawara a sa wa 'ya'yan wasu, kuma duk ranakun na ci tuwona na ƙoshi.

Alhamis, 20 ga Rajab, bayan magariba

Na rubuta allo bakwai, ban bar wa kowa wankin ba, ni na wanke. Cima ta kai. Ta ce ya shanye tas, ya yi godiya, ya ajiye ƙwarya. Sannan ya tambaye ta ko Malam ya sa rana.

Asabar, 22 ga Rajab, da safe

Saura goma sha biyu.

Lahadi, 23 ga Rajab, bayan la'asar

Ashe Cima ta bi ta bayan gida ta kai maganar wajen 'yan bori. Yau ta faɗa mini da bakinta, ko a jikinta. Wai sun goga goge tun hantsi har rana ta karkata, yana zaune yana kallonsu da ladabi, ba abin da ya hau. Daga ƙarshe babbarsu ta ce iskan ƙetaren teku ne, ba su san kiɗansa ba.

Na yi mata faɗa irin wanda ya kamata liman ya yi. Ta bar ni na gama ta ce to na ji, kai naka ya yi? Gaskiyar magana, sa'ad da ta fara ba ni labarin na tsinci zuciyata tana fata ta ce ya yi. Allah ya yafe mini.

Talata, 25 ga Rajab, da hantsi

An yi ruwa, ƙasa ta sha sosai. Gari ya watse gona, ba kowa sai tsofaffi da awaki.

Laraba, 26 ga Rajab, bayan azahar

Na fita da sunan duba iyakar gonarmu ta tudu. Ɗan Cima ya riga kowa zuwa. Shi ke saran rami da sungumi, Cima na bin sa da iri. Na tsaya nesa bayan wata magarya. Layukansa a miƙe suke, ramin nan da na gabansa taki ɗaya, bai kauce ba ko sau ɗaya. Mahaukaci ba ya shuka haka. Na daɗe ina kallo, fiye da yadda na taɓa kallonsa tun haihuwarsa. Tafiyarsa irin ta ubana ce, ban sani ba sai yau.

Da ya ɗago kai na juya na kama hanya.

A gida Zaliha ta tare ni da saƙon Hasana, wai a shuka gayaunar Lurwanu bana ko a bari? Na ce a shuka mana, mai ita yana can, zai zo ya iske hatsinsa. Zaliha ta dube ni har na ƙosa, ta ɗauki turminta ta ja can gefe.

Asabar, 29 ga Rajab, bayan magariba

Na yi dabara. Tunda malami yake so ya saurare shi, na aika garin Azarori aka zo mini da Malam Sule, abokin karatuna, wanda ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Aka shimfiɗa musu tabarma a gidan Cima bayan azahar. Ni na zauna bayan zana inda nake ji ba a ganina.

Sule ya ce masa faɗi damuwarka, ɗana. Yaron ya buɗe baki ya ce, a cikin dajin nan. Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan. Sule ya ce daji, ai ya gane, ya kama daga haƙuri ya shiga ƙaddara, ya fito ya faɗa falalar biyayya ga iyaye, ya ba da labarin wani mutumin Keita da ya ga abin tsoro a rijiya. Har aka kira la'asar bai haɗiye miyau ba. Da suka tashi Sule ya same ni yana murna, ya ce yaron lafiyarsa lau, duk abin da ya faɗa masa ya saurara.

Na so in yi masa tsiya yadda muka saba, tsiyar ta ƙi fita. Kalmomin da ya yi amfani da su nawa ne, labarin mutumin Keita ma ni na ba shi. Ina bayan zana ina tuna fuskokin waɗanda suka tashi daga zaurena suna godiya, ina tambayar kaina nawa ne cikinsu suka koma gida da rabin zancensu a ciki.

Lahadi, 30 ga Rajab, da hantsi

Sule ya hau jakinsa ya koma. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Cima, ta faɗa da ƙarfi don in ji.

Litinin, 1 ga Sha'aban, bayan azahar

Saura uku. Tun safe nake jin bugun maƙera. Lokacin noma ne, hauya ake gyara, na san haka. Duk da haka kowane bugu sai na ji shi a haƙorina.

Na ɗauko alƙalami in sake rubutun sha, na ga ba ni da abin da ban riga na rubuta ba.

Lurwanu yana can. Shi ya ce yana can. Mutum in ya mutu ai cewa ake ya rasu.

Talata, 2 ga Sha'aban, bayan la'asar

Cima ta shigo har cikin zaure yau, ta kori masu jiran rubutu, ta ce su dawo jibi. Ba ta zauna ba.

"Alƙasim, kunya ta ko tsoro na?"

Na ce ta san al'ada. Ta ce ta fi ni saninta, ita aka yi wa. Ta ce ranar da ubanmu yake jinyar ajali ta zauna bayan ɗakinsa tun safe har yamma da maganar da take son faɗa masa, tana jiran ya ce a kira ta. Ya kira ni, ya kira ƙannenmu, har bawansa ya kira. Shekara talatin ke nan maganar tana nan inda take. Ban tambaye ta wace magana ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Ba ɗan fari kaka gudu ba. Na biyun kaka gudu. Ka san in ka zamna za ka ji inda Lurwanu ya kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanena. Jibi za a ɗaure min Ayuba kamar jaki don kai ba ka son ji."

Na ce ta fita. Ta ce za ta fita, amma ga sharaɗinsa in na ga dama: in zauna, kada in ce komai sai ya gama, ko da ya yi shiru a tsakani. Haka Ba'indiyen yake yi masa. Gobe yana gonar tudu tun safe.

Na fusata ƙwarai. Na zauna ina neman inda ta yi ƙarya a cikin zancenta, har aka kira magariba ban samu ba.

Laraba, 3 ga Sha'aban, da safe

Ba zan je ba.

Laraba, bayan magariba

Na je.

Bayan azahar na ɗauki buta kamar mai zagayawa, na bi ta bayan gari don kada a tambaye ni. Na same shi gindin aduwa yana gyara ƙotar hauya. Da ya gan ni ya miƙe zai durƙusa, na yi masa hannu. Ba tabarma, na zauna a ƙasa. Ban iya fuskantarsa ba, sai na ba shi gefe, muka sa gona gaba mu biyu. Hatsi ya tsiro, ganye biyu biyu.

Ya daɗe bai ce komai ba. Ni da ban saba barin shiru ya kwana a gabana ba, sau uku bakina na buɗewa ina rufe shi. Na sa hannu ƙarƙashin cinya na danne.

Da ya fara, ta ruwa ya fara. Wai can ruwan sama kan yi kwana ashirin bai ɗauke ba, tufa ta ruɓe a jikin mutum. Ya yi zancen alfadarai, da kayan da suke ɗauka a ka, da wani Bazabarme da yake ba su dariya. Na ƙosa, na ce a raina ina ruwana da alfadari. Na tuna sharaɗi na yi shiru. Sannu a hankali ya zo kan wata safiya a bakin wani rafi. Abin da ya faru a rafin na ji shi duka, ba kuma zan rubuta shi ba, yau ko wata rana. Lurwanu bai daɗe yana shan wuya ba. Ya samu yin kalmar shahada, kansa bisa cinyar wansa.

A nan na so in tashi. Ban tashi ba.

Ya ce, "Baba, ni ɗai na gina mai kabari, da shebur ɗina. Ba malami, ba kowa, ana ta kiran mu tashi. Na duba inda rana ka hitowa, na ce nan na gabas. Na kwantar da shi bisa damatai, huska gabas, kamar yadda na gane ka kana yi tun ina yaro."

Ya ajiye ƙotar hauyar. Ban ga abin da ya ɓaci a nan ba, na kusa cewa madalla. Na cije.

"Sai da anka kai ni asibiti Indiya na iske Musulmin can suna salla sun ba gabas baya. Na yi musu dariya, na ce waɗanga ba su san alƙibla ba. Sunka ce mani ai mun wuce Makka tun cikin jirgi, daga can tana yamma. Baba, na juya ma Lurwanu ƙeya ga Ka'aba. Na rufe shi haka nan. Kuma ko an maishe ni, ban san hanyar dajin ba."

Tun daga ranar, in ya tsaya salla sai ƙasa ta juya masa, ya rasa ina ne gaba. A kabarin Bilal ba Bilal ya gani ba.

Amsar tana bakina tun kafin ya rufe nasa. Ƙaramin ɗalibina ya san ta. Amma na ga leɓensa na motsi, na jira. Ashe da saura. Ya ce ya faɗa wa Ba'indiyen wannan duka. Mutumin bai yi dariya ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya ce shi ba ya salla irin tamu, in ya ce ba laifi ƙarya zai yi, don bai sani ba. Ya tambaye shi wajen wa ya koyi rufe gawa. Ya ce wajen babansa. Ya ce to shi za ka kai wa. Yaron ya riƙe maganar nan a jirgi, ya riƙe ta a mota, ya riƙe ta a ƙasa daga Sakkwato har ƙofar zaurena, ya iske ni ina duban allo.

Wannan na ƙarshen ba shi ya faɗa ba, ni na faɗa.

Da na tabbata ya gama, na ce masa wanda ya nemi alƙibla iyakar saninsa ya kuskure, ba komai a kansa, ba komai kan wanda ya rufe. Na ce wanda ya halicci gabas shi ya halicci yamma, bai ɓace wa Lurwanu ba. Na ce da ni ne a dajin nan, da gemuna da karatuna, gabas zan duba. Na ce ya yi wa ƙanensa abin da ni ubansa ban samu yi masa ba.

Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya kifa kai bisa gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Ban san yadda ake yi ba. Na ɗora hannu a bayansa, ƙasusuwa ne kawai. La'asar ta same mu a nan, masallaci suka yi ta jiran liman har Umaru ya ja su.

Magana huɗu ce. Kwana ashirin da biyar yana gari yana bin ta, leɓensa ya fashe a kanta, an kusa ɗaure shi a kanta. Wani mutum can ƙarshen duniya, wanda na yi wa dariya, ya san inda saninsa ya tsaya ya turo mini ɗana, ni kuma na tura shi wajen Sule.

Na shiga gida na kira Zaliha da Hasana. Ban taɓa zama da surukata ba sai yau. Na faɗa musu. Zaliha ta ce ta sani tun ranar da ta ga akwati ɗaya, jira take in yarda. Hasana ta tambaya ko an yi masa sutura. Na ce wansa ya yi masa, da hannunsa, yadda ya kamata. Na gaya mata a shari'a takabarta ta wuce tun bara. Ta ce ta ji, amma za ta yi abinta.

Alhamis, 4 ga Sha'aban, da hantsi

Jika ya zo da maƙeri, marin a cikin buhu, 'ya'yan Bilal biyu a bayansu. Suka iske an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, mata na daka gumbar sadaka. Na faɗa musu rasuwar, na faɗa musu abin da ya sa ya shiga kabarin ubansu, na roƙe su gafara da bakina. Babban ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙan Lurwanu, tare suka yi kiwo.

Jika ya ja ni gefe ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma alkawari ya yi wa mutane, labari ba ya isa. Sai an gani da ido. In ya tsaya sallar magariba yau cikin sahu daga kabbara har sallama, maƙeri ya koma da kayansa. In ya juya, to.

Ban ce masa ya warke ba, don ban sani ba. Ba'indiyen wata uku ya yi yana zama da shi, ni yini ɗaya na yi. Cima ta ce ya ci tuwo da safe, ya nemi ƙari. Buhun yana nan jingine da bangon masallaci.

Alhamis, bayan magariba

Masallaci ya cika har waje, waɗanda ban taɓa gani a magariba ba duk sun zo. Na gan shi ya shigo ya tsaya a sahun farko, dama da ni kaɗan. Na juya na yi kabbara.

Ban san surar da na karanta ba. Bakina na karatu, kunnuwana duka biyu suna baya, ina jiran jan ƙafa. Wani ya yi tari, gabana ya faɗi. Wani ya gyara tsayuwa, na ce shi ke nan. Na yi ruku'u ina saurare, na yi sujada ina saurare, ina roƙon Allah abu ɗaya tak, ba kuma shi ne abin da ake roƙo a sujada ba. Ban ji komai ba. Na ɗago daga sujada na miƙe tsaye, ina cewa saura kaɗan, saura kaɗan.

Ashe raka'a uku sun cika, ta huɗu na miƙe zan kawo, a magariba, bayan shekara ashirin da shida.

Mutum ɗaya ya riga kowa cewa subhanallahi. Daga dama kaɗan, da ƙarfi, ba rawa a muryar. Shi yana ƙirgawa, ni ban ƙirga ba.

Na koma na zauna.